Tarihin Jan Launin Tukwane

Gwaram gari ne a kudancin Jihar Jigawa, kusa da iyakar Jihar Bauci. A zamanin mulkin En'e ita da maƙwabciyarta Birnin Kudu gundumomi ne na ƙasar Kano, kowace da hakiminta, ba su kuwa rabu da Kano ba sai a 1991 da aka yanke Jihar Jigawa. Matafiyin da ya taso daga arewa, inda rairayi ya fi yawa, in ya shigo wannan yanki zai ga ƙasa ta sake kama. Ga manyan duwatsu sun hau kan juna, ga fadamu masu yumɓu, ga kuma marmara da jar ƙasa wadda kan rine wa mutum bakin wando tun bai yi nisa ba. In ya ratsa kasuwa, kamar ta Sara, ya bi ta wajen masu tukwane, zai sake ganin wannan ja a jikin randa da tulu da kasko.

Mutane da yawa sun tashi sun tarar da tukunya ja, ba su taɓa tambayar abin da ya sa ta yi ja ba. Amsar kuwa gajeriya ce, tsatsa ce. Watau ƙarfen nan da mutanen dā su ke narkarwa daga tama, shi ne a warwatse cikin ƙasa gari-gari, iska da ruwa sun taɓa shi ya yi tsatsa, kamar yadda fartanya kan yi in aka bar ta tana kwana cikin raɓa. Labarin da ke tafe tarihin wannan tsatsa ne a hannun magina, tun daga kogon dutse har zuwa tanderun da a ke gasa tangaran, da kuma abin da maginin yanzu zai iya tsinta a ciki.

ZANEN KAN DUTSE

Shaida mafi tsufa a wannan yanki ta cewa mutane sun san aiki da jan launi tana jikin duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen dabbobi da mutanen dā suka yi a ƙarƙashin inuwar dutse, inda ruwan sama ba ya duka. Yawancinsu shanu ne, waɗansu masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin waɗanda ba a ganinsu a garken Filanin yanzu. Mutanen gari sun daɗe da sanin wurin. Amma labarinsa bai bazu cikin duniya ba sai bayan 1950, sa'ad da wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya duba zanen, ya rubuta bayaninsa tare da na duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. Daga baya Gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta hana a ɓata.

Ja shi ne launin da ya fi fitowa a zanen. Dalilin daɗewarsa kuwa shi ne, tsatsa ba ta jin rana. Rinin da aka samu daga ganye ko saiwa ya kan koɗe a hankali, amma ƙarfen da ya riga ya yi tsatsa ba shi da sauran abin da iska za ta yi masa. Don haka ne a ƙasashe masu nisa da juna, daga duwatsun Sahara har kogunan dutse na Faransa, jar ƙasa mutanen farko suka niƙa suka yi zane da ita.

Ginin yumɓu shi ma tsohon abu ne a wannan ƙasa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, daga baya kuma aka yi ta samun irinsa. Masana sun auna shekarunsu, sun tarar sun haura dubu biyu. A Taruga, kusa da Abuja, an sami tsofaffin murahun narkar da tama na mutanen wannan zamani. Ashe tun can mai gini da mai ƙira maƙwabta ne, ƙasa guda su ke haƙa, ɗaya ya fid da ƙarfen, ɗaya ya bar shi a ciki ya zama ado.

YADDA MAGINI KE SA TUKUNYA TA YI JA

A ƙasar Hausa maza na ginin tukwane, mata ma na yi. Magini ya kan haƙo yumɓu a fadama ko gefen kududdufi, ya jiƙa shi, ya tsince tsakuwa da saiwoyi, sa'an nan ya cuɗa shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi don kada ya tsage a wuta. Ya kan kife tsohuwar tukunya ya lulluɓa mata yumɓun, ya bubbuga har gindin sabuwar ya fita, sa'an nan ya ɗaga ya ci gaba da ɗora yumɓu har wuya da baki.

Ba kowane yumɓu ba ne ke fitowa ja daga wuta. Wani ya kan fito fari-fari, wani ruwan toka, gwargwadon ƙarfen da ke cikinsa. Saboda haka sai magini ya nemo jar ƙasa mai kyau, wani lokaci daga wuri mai nisa, ya niƙa ta, ya jiƙa, ya tace, ya bar tsakin ya kwanta, ya ɗebi ruwan sama-sama mai laushi. In tukunya ta sha iska, ba ta ƙarasa bushewa ba, sai ya tsoma tsumma ya shafe ta da wannan ruwa. Daga nan sai guga. A kan goge ta da dutse mai santsi, ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare kamar tasbaha, a yi ta gogawa har ta ɗauki ƙyalli. Gugar nan ita ke danne ƙwayoyin ƙasar su kwanta lumui, su toshe ƙananan kafofi. Tukunyar da ta sha guga ta fi ja, ta kuma fi jimre wa hannu.

Gashi a fili a ke yinsa ko cikin rami mara zurfi. A jera tukwane, a rufe su da kara da ciyawa da itace da busasshen kashin shanu, a sa wuta. Ba a daɗewa, wani gashin ko sa'a biyu ba ya kaiwa. Masu auna zafi sun ce irin wannan wuta ta kan tsaya tsakanin digiri 600 da 900, ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa. Waɗansu magina, tun tukunya na da zafi, su kan yayyafa mata ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, ya kama jikinta ya ƙara toshe ta, ya bar mata duhu-duhu mai sheƙi.

SIRRIN ISKA DA HAYAƘI

Kowa ya lura da tulu zai ga wani gefe ja, wani gefe da baƙin tabo. Ƙasa ɗaya ce, shafe ɗaya ne, wuta ce ta bambanta su. Inda iska ta ratsa sosai, tsatsa ta ƙoshi da iska ta fito ja. Inda itace ya danne, hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta rasa iska, sai ta zuƙe wadda ke jikin tsatsar, ƙarfen ya koma baƙi, hayaƙin kuma ya shige cikin yumɓu ya ƙara masa duhu. Maginin da ke son baƙar tukunya ya san haka, shi ya sa ya kan rufe ta da ƙaiƙayi ko ɗanyen ganye tun tana ja wur.

Wannan sani ya daɗe a duniya. A Masar, tun kafin zamanin Fir'aunoni, wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, magina suna yin tukwane masu jan jiki da baƙin baki, gogaggu kamar na kasuwar Hausa. Mutanen Girka kuma suka kai abin wani matsayi. Daga wajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa, maginan birnin Atina suna zana mutane jajaye a kan baƙar tukunya ba tare da wani rini ba. Su kan shafa tataccen yumɓu inda su ke son baƙi, su gasa da iska komi ya yi ja, su toshe tanderu da ɗanyen itace komi ya yi baƙi, sa'an nan su sake buɗewa. Inda aka shafa ya riga ya liƙe, iska ba ta shiga, sai ya zauna baƙi. Inda ba a shafa ba ya sake shan iska ya koma ja. Rumawa su kuma jan zalla suka fi so. Daga baya ƙasar Tunis ta zama cibiyar wannan sana'a, ta yi shekaru wajen ɗari shida tana aika jajayen akusa zuwa garuruwan bakin Bahar Rum, har zamanin da Musulunci ya iso can.

Duk waɗannan shafe ne na ƙasa, 'yan'uwan wanda maginin Hausa ke yi. Ba su narke sun zama ƙarau ba.

RUWAN TANGARAN

Wanda ya riƙe kwanon tangaran ya san jikinsa sumul ya ke, ruwa ba ya ratsa shi, ƙazanta ba ta kama shi. Abin da ke bisa jikinsa ƙarau ne, siririn gilashi da aka narkar a kan yumɓu. Shi ne a ke nufi da ruwan tangaran cikin wannan labari. Garin dutse ne da toka da yumɓu a ke damawa da ruwa, a tsoma kwano a ciki, a sa a tanderu mai tsananin zafi har garin ya narke ya lulluɓe kwanon.

Mutanen Sin su suka fi kowa nisa a wannan fanni, gama su suka fara gina tanderun da zafinsa ke wuce digiri 1,200. Sun gane cewa tokar itacen da ke sauka a kan tukwane cikin irin wannan wuta tana narkewa ta zama ƙarau, sai suka shiga haɗa ta da gangan. A nan ne tsatsa ta nuna abin mamaki. In an sa ta kaɗan, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, aka gasa cikin hayaƙi, kwano ya kan fito kore-kore kamar ruwan tafki. In an ƙara ta ta kusa kashi goma, sai ya fito baƙi ƙirin. In ta wuce abin da ƙarau zai iya shanyewa, sai ragowar ta taso sama sa'ad da kwano ke hucewa, ta yi ja. A zamanin sarakunan Sung, daga 960 zuwa 1279, maginan lardin Fujiyan sun shahara da baƙaƙen kofunan shayi masu siraran zane ja-ja kamar gashin zomo. Mutanen Japan suka ɗauki wannan sana'a, jan kuma suka sa masa suna kaki, sunan wani ɗan itace na ƙasarsu ɗan'uwan kanya, wanda kan yi ja in ya nuna.

Tangaran ɗin Sin ya iso ƙasashen Musulmi ta hannun fatake. Masu tarihi sun faɗi cewa gwamnan Hurasana ya aiko wa Halifa Haruna Rashidu kyautarsa a Bagadaza. Maginan Basra da suka ga yadda a ke ɗokinsa sai suka ƙago nasu farin ruwan tangaran. Amma ja mai haske a ƙarƙashin ƙarau ya daɗe yana gagarar magina, sai a garin Iznik na ƙasar Turkiyya, a zamanin Sarkin Musulmi Sulaimanu na daular Usmaniyya. Maginan garin suka sami wata jar ƙasa mai yawan ƙarfe, suka riƙa ɗora ta da kauri bisa farin allon yumɓu, sa'an nan su rufe da ƙarau garai-garai. Jan ya kan fito kamar murjani, ya yi tudu har yatsa na jinsa. An fara ganinsa a babban masallacin Sulaimanu na Santambul, wanda aka gama a 1557, ya kuma cika kyau a masallacin Rustam Basha da na Salimu a Adirna.

Ƙarshen labarin Iznik abin tunani ne. Cikin ƙarni na 17 fada ta rage sayen kayan, farashi ya faɗi, gwanaye suka mutu ba su bar magada masu ƙwazo ba. Jan nan mai kama da murjani ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, daga bisani aikin ya mutu. Sai a ƙarni na 20 masana suka koma suna gwaje-gwaje don su gano yadda aka yi shi. Sana'ar da ke cikin ƙirjin mutum kaɗai, ran da aka kai shi kushewa tare a kan rufe su.

MAKARANTAR ABUJA

Mutanen wannan ƙasa sun san gilashi tun kafin zuwan Turawa. A Ife an narka shi an yi duwatsun wuya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, Masagan Bida kuma sun shahara da ƙarau da tsakiya. Duk da haka magina ba su ɗora shi bisa tukunya ba. Tangaran baƙo ne, daga waje a ke kawo shi, mata su jera a ɗaki ko a manna a rufin soro don ado.

A 1950 Gwamnati ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, aikin duba sana'ar tukwane. An haife shi a 1901, ya koyi gini a wurin Bernard Leach, wanda shi kuma a Japan ya koyo. Kafin zuwansa ya riga ya yi aiki a ƙasar Gana ta yanzu, a Achimota da wani ƙauye Vume a bakin kogin Volta, inda ya yi kwanoni masu duhu da zanen tsatsa mai ja kamar garwashi. Da ya zagaya lardunan Nijeriya ya ga aikin magina, sai ya gaya wa Gwamnati cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikin da a ke yi da su, ba su bukatar gyara. Abin da ya ga babu shi ne kayan cin abinci da na shan shayi masu ƙarau, irin waɗanda a ke sayowa daga waje.

Ya zaɓi Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja, domin akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau mai son sana'ar, wanda ya tara tukwanen Gwari a gidansa. A 1952 makarantar ta kama aiki. Samari suka koyi gini a kan keke mai juyawa, da gina tanderun bulo mai cin itace, da haɗa ruwan tangaran. Ƙa'idar Cardew ita ce a nemi kayan haɗi cikin ƙasa, a niƙa dutsen gida, a tace tokar gida, a haƙo jar ƙasar gida. Abin da ya koya a wannan aiki shi ya tara cikin littafinsa, Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, bayan ya bar Abuja a 1965.

A gidan Sarki ne ya fara ganin aikin wata mata Bagwariya, Ladi, mutuniyar Kwali. Ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi keke, amma ba ta bar ginin hannu na iyayenta ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna tana tsaga musu hoton kadangare da kunama da kifi da kada, a cike tsagar da farin yumɓu, a shafe da ruwan tangaran mai duhun ƙarfe. Aka nuna aikinta a London tun daga 1958, ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, daga baya aka sa hotonta a bayan takardar naira 20.

Amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Tulun Ladi da ya sha ƙarau ya yi nauyi, ya yi tsada, ya kuma daina sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Masu sayen kayan Abuja yawancinsu Turawa ne da manyan ma'aikata, talaka kuwa yana nan da randarsa.

YADDA A KE HAƊA JAN RUWAN TANGARAN

Wanda ya fasa dutse irin na Birnin Kudu ya duba da kyau zai ga tsaba iri uku a ciki. Akwai mai fari ko ja-ja, wadda masana ke kira felsfa, akwai mai haske kamar ƙanƙara, akwai kuma baƙa mai walƙiya. Ta farin nan ita ce uwar ruwan tangaran, gama ita ke narkewa a wuta mai tsanani. A haɗin da magina suka saba yi don samun jan ƙarfe, felsfa ta kan kusa rabi. Garin ƙanƙara ya kan kai kamar kashi ɗaya cikin biyar, shi ne ainihin gilashin. Tsatsa tatacciya wajen kashi ɗaya cikin goma, tokar ƙashi ita ma kusan haka. Ragowar kuwa farar ƙasa ce, da farin yumɓu irin wanda a ke haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da garin dutsen nan mai laushi da a ke hoda da shi. Tokar ƙashi, watau ƙashin shanu da aka ƙona ya yi fari aka niƙa, ita ke taimakon tsatsa ta fito ja sosai. In babu ita launin ya fi karkata wajen ruwan ƙasa.

Da sikeli a ke awo, ba da mudu ba, gama mudun toka da mudun garin dutse nauyinsu ba ɗaya ba ne. A auna kowane a bushe, a rubuta a littafi, sa'an nan a barbaɗa garin cikin ruwa, a bar shi ya kwana ya jiƙu. Da safe a dama, a tace da rariya mai laushi sau biyu, har ya yi kauri kamar kunun da bai yi tauri ba. Garin dutse mai saurin kwanciya ne, saboda haka dole a riƙa motsawa duk sa'ad da za a tsoma. Mai aikin ya rufe hancinsa lokacin awo, don ƙurar dutse in ta taru a huhu ba ta fita.

Kwanon da za a shafa sai an fara yi masa gashin fari, a wajen digiri 900 zuwa 1,000, don ya yi ƙwari amma ya riƙa shan ruwa. A share masa ƙura, a kuma kiyaye kama shi da hannu mai maiƙo. A zuba haɗin a cikinsa, a juya, a tuttular. Sa'an nan a kama gindin a tsoma bayansa, a ƙirga uku ko huɗu, a fitar. Yumɓu ya kan zuƙe ruwan nan da nan ya bar garin a manne. Kaurin da a ke so kamar na ɓawon gyaɗa ne. In ya yi siriri, kwano zai fito ruwan ƙasa. In ya yi kauri ainun, zai zubo a wuta. Gindin kuwa a goge shi tas, in ba haka ba kwano ya liƙe da abin da aka ɗora shi a kai, sai an fasa.

Gashi na biyu shi ne mai wuya. A kan kai zafin wajen digiri 1,250 ko fiye, a hankali, cikin sa'o'i masu yawa, a kuma bar wa wuta iska isasshiya wajen ƙarshe. Amma jan ba ya fitowa sa'ad da wuta ke ci, sai lokacin hucewa. In tanderu ya huce da sauri, tsatsa ta kan daskare cikin ƙarau, kwano ya fito baƙi ko ruwan hanta. In an toshe kafofi ya huce sannu sannu, musamman sa'ad da zafi ya sauko wajen digiri 1,000 zuwa 900, sai tsatsa ta sami sararin taruwa a sama ƙwaya-ƙwaya, ta yi ja. Mai gaggawar buɗe tanderu shi ke ɓata aikin mako guda. Gwanaye ba su shafa sabon haɗi a kaya masu yawa sai sun gwada shi a kan 'yan guntayen yumɓu, kowane da lambarsa.

Akwai gajeriyar hanya wadda ya wajaba a guje ta. Dalma tana narkar da ƙarau a wuta mara tsanani, don haka magina a ƙasashe da yawa suka yi ta amfani da ita. Amma guba ce. Abinci mai tsami, kamar nono ko kunun tsamiya, ya kan jawo ta daga jikin kwano ta shiga ciki, ta fi kuwa cutar da yara. Mutanen Arewa sun ga aikin dalma a 2010 a Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa cikin gidaje. Ruwan tangaran na dutse da toka da tsatsa ba ya bukatarta ko kaɗan.

RANDA DA TANGARAN

Wanda ya bi wannan labari zai gane dalilin da ya sa maginan Hausa ba su shafa ƙarau ba. Randa tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na tsattsafowa, iska ta busa ta kwashe zafin. In aka rufe ta da ƙarau, sanyin ya tafi. Tukunyar tuwo kuma tana zama bisa murhu ba ta fashe ba domin gashinta bai yi tsanani ba, jikinta na da kafofin da ke ba zafi hanya, kwanon tangaran kuwa in an ɗora shi a harshen wuta sai ya tsage. Ga kuma itace. Abin da tanderu zai ci a gashi guda ya isa a gasa tukwane masu ɗimbin yawa a fili, itace kuwa ba abin wasa ba ne a wannan ƙasa. Jan shafe da guga su ne daidai da bukatar gida da ƙarfin aljihu.

Abin da ya rage kasuwar magina wani abu ne dabam. Kwanonin sha da na ci masu fenti suka fara shigowa, sa'an nan tukwanen dalma na sanholama, sa'an nan jarka da bokitin roba. Ba su fashewa, ba su da nauyi. Yaro ya ga ubansa na fama da yumɓu riba kaɗan, sai ya nemi wata sana'a. Tsoho mai sanin inda jar ƙasa mai kyau ta ke, da yadda a ke tace ta, da irin itacen da ke ba da wuta mai tsabta, in ya tafi bai koya wa kowa ba, to, abin da ya sami Iznik ya sami garinsu.

A nan ne wanda ya koyi karatu da rubutu ya ke da aiki. Yana iya zama gaban maginin unguwarsu da takarda da fensir, ya rubuta sunan wurin da a ke haƙo yumɓu, da na jar ƙasa, da yawan tsingaron da a ke cuɗawa, da watan da gashi ya fi kyau. Saurayin da ke son ya ci gaba kuma, ya koyi tanderu da sikeli, ba sai ya jira kaya daga ƙetare ba. Dutsen yana Birnin Kudu, jar ƙasa tana bakin hanyar Gwaram, ƙashi yana mahauta, toka tana kowane murhu. Randa ta riƙe aikinta na ruwa, tangaran ya riƙe nasa na ci da sha. Allah ya sa wa sana'ar albarka, ya ba masu ita magada.